Maganar da Malam Ya Bar Mini a Waya

Kwana biyu kafin mijina Malam ya rasu, na bar shi a asibiti da hantsi na koma gida, unguwar Zariya a nan Maraɗi, in dama masa kunu. Da na dawo na tarar da ɗakin cike da masu dubiya, manoman Jiratawa, wasu a tsaye wasu a tsugune, takalmansu duk laka. Damina ce ta yi tsaka. Na ajiye kwanon, na sunkuya ina gyara masa matashi. Sai ya ce da ni a hankali, yadda ba wanda zai ji:

"Na bar miki magana cikin waya. In an watse sai ki ji."

Na ce to.

Ba a watse ba ranar. Wasu na fita wasu na shiga har la'asar, sannan ƴan'uwansa mata suka iso daga ƙauye. Washegari harshensa ya yi nauyi. Ranar da ta biyo, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Shekara ashirin da uku muka yi tare, ƴaƴanmu biyar. Ba mutum ne mai yawan magana a gida ba. Yana da gona a fadamar Jiratawa, inda yake zogale da albasa da tattasai, kowace safiya ya hau babur ya tafi, sai yamma. Ƙungiyar manoma ta ɗora masa sanar da zagayen ruwa: wane layi za a sakar wa gobe, wane famfo ya tsaya, wa ya bar ruwa ya malale. Don wannan aikin ya sayi babbar waya mai gilashi a Sabon Gari. Yawancin manoman ba su karatun boko, shi ma bai zauna masa sosai ba, saboda haka da murya suke komai. Ni kuwa ƙaramar waya ce da ni, mai madannai, ta kira da amsawa kawai. Saƙon murya ba ya shigarta. Shi ya sa bai aiko mini ba. Ya ɗauki maganar ya bar ta a cikin tasa.

Ranar da aka kai shi, wansa, wanda yara ke kira Baba Babba, ya tattara kayansa. Agogo, makullin babur, takardun gona, da wayar. Ya kashe ta, ya sa komai cikin akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo, ya ce ba mai taɓa ko allura sai ranar rabon gado. Haka ake yi a gidansu, kuma daidai ne, dukiyar marayu ce. Daga ɗakin da nake zaune cikin mata na ji ƙarar kwaɗon. Na so in yi magana. Amma wan miji ne, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan ce a gaban maza, ƙasar kabarin mijina ba ta bushe ba, a ba ni waya? Na ce a raina ai ƙarfe ce da gilashi, ba ta ruɓewa. Maganar tana ciki, za ta jira ni.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, akwatin yana ɗakin Malam, bango ɗaya tsakaninmu. Wata rana in ce kan yara ya yi magana. Wata rana in ce gafara ya nema, ko kuma ya yafe mini, domin mun taɓa samun saɓani mai tsawo kan karatun babbar ƴarmu, ba mu kuma taɓa zama mun rufe zancen ba. Wata rana kuma in ce wataƙila inda ya ajiye takin zamani kawai ya faɗa. Ƙanwata, wadda take koyarwa a lakkwal, makarantar boko, ita kaɗai na gaya wa. Ta ce:

"Yaya, ki bari in yi wa Baba Babba magana. Ni ba surukina ba ne."

Na hana ta. Na ce saura kaɗan.

Sai da na fita takaba, aka kuma kai hatsi rumbu, sannan aka zauna rabon. Da malamin da ke rabo ya tambaye ni ko akwai abin da nake so ya faɗo a kasona, na ce wayar. Wani daga cikin ƙannen Malam ya yi dariya ya ce, "Ashe amaryarmu za ta shiga zamani." Baba Babba ya miƙa wa ƙanwata, ita ta miƙo mini.

Muka sa ta a wuta. Bayan ɗan lokaci ta kawo haske, ga hoton gonarsa, zogale ya yi kore shar. Sannan ɗigo tara suka fito, uku uku uku. Sai an ja yatsa a kansu ta hanyar da mai waya ya tsara za ta buɗe. Na ga yatsan Malam yana wannan zanen sau babu iyaka, a kan tabarma, a bakin ƙofa, yana cin tuwo da ɗaya hannun. Ban taɓa duban inda yatsan yake bi ba. Yara suka gwada, kowa da abin da yake zaton ya gani. Wayar ta ce a jira. Suka sake, ta ce a jira fiye da na farko. Ƙanwata ta karɓe ta ta ce kowa ya janye hannunsa.

Washegari muka tafi Sabon Gari wurin wani mai gyara da aka ce ya fi kowa. Rumfa ce ta kwano, teburi cike da gawarwakin wayoyi, shi kuma magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya juya wayar ya ce:

"Hajiya, buɗewa ba wuya. Kafin ki sha ruwa na gama. Amma sai na wanke ta."

"Wankewa kamar yaya?"

"Duk abin da ke ciki ya tahi. Ta koma kamar ranar da an ka saye ta."

Ban san lokacin da na miƙa hannu na fizge ta daga teburin ba. Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya bari. Ƙanwata ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya janyo mana benci.

Ya ce akwai hanya ɗaya da ba sai an taɓa wayar ba. Kowace irin wannan waya tana da kwant, wato kamar wani rumbu da ke can wata ƙasa, inda take juye abin da ke cikinta. In Malam bai rufe wannan juyen ba, maganar tana iya kasancewa a can, sai a saurare ta daga kwamfutarsa. Don a shiga rumbun, masu shi za su aiko kod, ƴan lambobi, zuwa layin Malam. Ya zare pus ɗin, ɗan katin layin, ya sa a tasa wayar. Ya jira. Ya fita waje ya ɗaga ta sama. Ya dawo.

"Wata nawa tana kashe?"

"Biyar, har da ƴan kwanaki."

"Kayya. Layin ya mutu."

Muka wuce ofishin kamfanin layin. Muka bi jerin gwano har kusan azahar. Matar da ke gishe, tagar da ake karɓar mutane, ta danna lambar, ta duba, ta ce in layi ya yi watanni ba a kira ba, ba a sa masa komai ba, na'ura ce ke cire shi da kanta. An riga an sayar wa wani da lambar.

Na ce, "Mai layin rasuwa ya yi. Ni kuma ina takaba."

Ta sauke murya. "Inna, na sani. Uwata ma ta yi. Amma ba nan ake tsara wannan ba."

"Ina ake tsarawa?"

"Yamai, babban birni. Su ma ina jin daga waje ake aiko musu da tsarin."

"To wa zan gani?"

Ta dubi mutanen da ke bayana. Ta ce ba ta da ikon faɗa mini wanda ya sayi lambar, amma ba wanda ya hana ni kira.

Lambar Malam ita ce kaɗai lambar da na haddace a duniya. Na zauna a tsakar gida bayan la'asar na danna ta. Ta yi ƙara sau uku. Aka ɗauka. Na ji keken ɗinki yana gudu, ya tsaya, wani namiji ya ce:

"Alo? In maganar ruwa ce, ni tela ne, ba girgije ba!"

Na kashe. Sai da na yi alwala na zauna sannan na sake kira, na yi sallama, na ce ni ce matar wanda yake da wannan lambar a da, kuma ya rasu.

"Allahu akbar. Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri, baiwar Allah, lambar ga ta hana ni sakat. Wannan ya ce yaushe za a saki ruwa, wancan ya ce irin albasa ya iso. Ni a Tibiri nike, ban taɓa dasa ko tattasai ba."

Na gaya masa abin da nake nema. Za a aiko wasu lambobi a wayarsa, in ya taimaka ya karanta mini.

Muryarsa ta sake nan take. "A'a. A nan kam mun rabu. Makwabcina haka an ka yi mishi, wata ta kira tana kuka, ya ba da kod, kafin magariba ɓarayi sun shige wayarshi suna roƙon danginshi da sunanshi. Rediyo kullum faɗi take, kar a ba kowa. Ko uwata ta kira ba ni faɗi. In gaskiya kike, Allah ya ba ki haƙuri. In kuma ƙarya kike, ki ji tsoron Allah, kin sa mamaci a ciki."

Ya kashe. Ban ga laifinsa ba.

A waɗannan kwanaki ƙanwata ta bi manoman Jiratawa ta roƙi duk wanda bai goge saƙonnin Malam ba ya turo mata. Da yawa sun goge, domin wayoyinsu ba su da wurin ajiya. An samu shida. Ta zo ta kunna mini ɗaya. "Salamu alaikum jama'a. Gobe in Allah ya kai mu ruwan layi na biyu ne. Wanda bai share lambatunsa ba, kar ya zo yana yi mini kuka." A bayansa ana jin famfo yana aiki. Yara suka taru suna a sake, a sake. Ni na tashi na shiga ɗaki. Muryarsa ce, ba shakka, amma da wasu yake.

Ina da gwaggo da ke aure a Tibiri tun kafin a haife ni. Na aika mata cewa ina neman wani tela mai kaifin baki wanda ya sayi sabon layi bayan damina. Kwana biyu ta aiko cewa ta gano shi, shagonsa na bakin kwalta, kuma uwarsa ƙawarta ce, tare suke zuwa gidan suna. Muka hau mota ni da ƙanwata. Gwaggo ta sa mu gaba har shagon, ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta ta ce:

"Kai, marar kunya, ƴata ka kira ɓarauniya?"

Telan ya miƙe har almakashi ya faɗi. "Inna, ni ban ce ba! Cewa na yi in."

"In ɗin gidanku. Ga ta nan, dube ta. Ni na yi mata wankan jego na fari. Mijinta na san ubansa."

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi. Sannan ya ce, "Har yanzu dai ba ni faɗin kod ta waya. Amma in rufe shago mu tahi tare, in gani da idona." Ya sa hularsa, ya bar wandon wani a bakin allura.

Mu haka muke gane mutum. A nemo wanda ya san shi, wanda shi ma an san shi. Cikin kwana biyu an gama.

A rumfar mai gyara muka taru mu huɗu a gaban kwamfuta. Rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa. Kod na farko ya iso bayan lokacinsa ya wuce. Na biyu ma haka. Telan ya ce, "Wannan saƙon da jaki ya taho." Na uku ya shigo da wuri, ya karanta da ƙarfi, lamba lamba, mai gyara yana dannawa. Shafin ya juya.

Sai wata tambaya ta fito. Ƙanwata ta karanta ta fassara: a rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da aka tuna.

Malam bai taɓa sanin wata kalmar sirri ba. A nan wanda ya sayar maka da waya shi ke buɗe maka kwant. Ya ƙirƙiro suna, ya ƙirƙiro kalma, ya rubuta a yagin kwali ya ba ka, kai kuma ka sa a aljihu ka manta, domin wayar tana aiki ba tare da ita ba. Mai gyara ya aika aka kirawo wanda ya sayar wa Malam, shagonsa ba nisa. Ya zo yana goge hannu. Ya tuna Malam sarai, mai babur ja, mai zogale. Kalmar ce bai tuna ba.

"Hajiya, mutum nawa na buɗe wa tun lokacin? Wani in sa mishi lambar wayarshi, wani sunan garinsu, wani abin da ya zo mini a ka."

Aka gwada lambar. Aka gwada Jiratawa. Shafin ya tambayi ranar haihuwa. Katin Malam shekara kawai ke jiki, ita ma kintace ce, domin ba a rubuta ranar da aka haife shi ba. Mai sayarwar ya ce dattawa ɗaya ga Janairu yake sa musu, amma wani lokaci tasa yake sawa. Aka gwada duka biyun. Sai rubutu ya fito, gajere. Ƙanwata ta daɗe tana dubansa kafin ta ce:

"Sun ce ba su iya tabbatar da cewa kwant ɗin namu ne ba."

Telan ya ce, "To ga matarshi zaune! Ga wanda ya sayar da wayar! Ga ni da layin! Shaidu nawa suke so?"

Mai gyara ya ce, "Wa kake gaya wa? Ba kowa a ciki."

Ya nuna mana wani shafi da aka yi don dangin mamaci. Da Turancin Ingilishi yake, sai da ƙanwata ta nemi wani abokin aikinta ya taya ta. Muka ɗauki hoton takardar mutuwa da muka karɓo a meri, ofishin magajin gari, da katina, da takardar aure, muka aika. Amsa ta zo bayan mako uku. Sun yi mana ta'aziyya. Sun ce suna iya rufe kwant ɗin in muna so. Abin da ke ciki kuwa sirrin mai shi ne, ba za su ba da ba sai da umarnin kotu irin wadda suka yarda da ita, suka kuma faɗi ƙasar da kotun take. Ƙanwata ta nuna mini ita a taswirar ajinsu. Akwai teku tsakaninmu.

Bayan wannan da kamar wata biyu ta zo mini da takardar gayyata. Za a yi taro a wani otel a cikin gari, an ce ana son jin muryar jihohi kafin wani babban zama da za a yi a ƙasar waje, inda ake tattauna yadda za a tafi da intanet da dokokinta. An gayyaci malaman makaranta, ƴan kasuwa, ƙungiyoyin mata. Ta ce in zo mu je, wataƙila a can akwai wanda za a gaya wa.

Ban taɓa shiga irin wannan ɗakin ba. Sanyin na'ura, ruwan roba a gaban kowa, babban allo a bango. A allon akwai mutanen Yamai a zaune, da wasu fuskoki a ƙananan akwatuna, an ce daga ƙasashe daban-daban suke kallo. Da Faransanci ake komai. Ni a aji shida na tsaya, ina tsintar kalma ɗaya in rasa biyar. Ƙanwata tana raɗa mini. Ta ce mutum ɗaya ne zai je babban zaman a madadin ƙasar duka, kuma an riga an zaɓe shi, ga shi can a allo da baƙar kwat. Wuta ta ɗauke, aka tada inji, aka jira rezo ya dawo. Da ya dawo aka ce lokaci ya ƙure, jihar Maraɗi mutum uku za su yi magana, a taƙaice.

Wani Alhaji mai fataucin kaya zuwa iyaka ya yi kukan tsadar mega, abin da ake saye a shiga intanet. Wani malami ya ce makarantarsu ba wuta, balle kwamfuta. Aka ce ana son mace. Ƙanwata ta ɗaga hannuna da nata.

Na miƙe, aka ba ni abin magana. Na yi sallama. Na ce mijina ya rasu, ya bar mini magana a wayarsa. Na ce a wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, matarsa kuma ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Na ce kafin in cika an sayar da lambarsa. Na ce abu biyu nake roƙo wanda zai tafi ya faɗa musu. Na ɗaya, kar a ba da lambar mamaci sai matarsa ta fita takaba. Na biyu, su ajiye mutum, mai jin Hausa, wanda za a iya kai wa shaidu, domin yawancinmu ba mu da ranar haihuwa, ba mu kuma muka rubuta kalmar sirrinmu ba. Na zauna.

Mai fassara ya yi magana, bai fi numfashi biyu ba. Aka tafa. Na dubi ƙanwata.

"Me ya ce?"

Ta ƙi dubana. "Ya ce Madam tana roƙon a koya wa matan karkara amfani da waya."

Mai baƙar kwat yana allo, kansa a ɗan sunkuye kamar mai sauraro. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane hoton ne ya daskare.

Da aka tashi, wata matashiya daga masu shirya taron ta biyo ni har bakin ƙofa. Bahaushiya ce, ta ji duk abin da na faɗa, idonta ya yi ja. Ta ce za ta sa a rahoto. Ta buɗe takardarta, gida huɗu ne a jiki: tsada, rezo, horo, sai saura. Ta tsaya da alƙalami a sama. Sannan ta yi alama a gidan saura, ta rubuta wani abu ƙarami a gefe. Na yi mata godiya. Ban sake jin komai ba daga wannan taro, ban kuma san ko rahoton ya haye Yamai ba.

Wayar tana nan. Mai gyara ya ce in riƙa sa ta a wuta lokaci lokaci don kar batirin ya mutu, in kuma hana yara zane a kanta. Ya ce wataƙila wata rana a fito da hanyar buɗe irinta ba tare da wanki ba. Bai ce yana sa rai ba.

Ban san wanda ya kai wa Baba Babba labarin ba. Ina zaton gwaggo ce, bakinta ba ya riƙe abu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi sallama a ƙofar gida. Yanzu shi ke kula da gonar yara. Ya ajiye buhun albasa, ya ƙi shigowa, ya zauna a kan dakalin zaure. Na durƙusa daga ciki, labule tsakaninmu. Muka gaisa. Ya tambayi yara ɗaya ɗaya. Sannan ya ce:

"Uwar yara."

"Na'am, Baba."

"An ce akwai magana cikin wayar nan."

"Akwai."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Shi ma ya san amsar.

Ya ce, "Ni na kulle ta. Na ce amana nike tsarewa." Ya yi gyaran murya. "Kuma na san da maganar. Ranar nan da kika tahi dama kunu, hannunshi ba ya iya riƙe waya. Shi ya buɗe ta, ya nuna mini inda zan danna, na danna, na jingina mishi ita a matashi. Na ɗauka saƙon ruwa zai yi wa mutanenshi. Na ɗauka kuma ya aika ya wuce wurin. Ban san ajiyewa ya yi ba."

Na riƙe bakin labulen. "Baba, ka ji abin da ya ce?"

"Farkon kawai."

"Me ya ce?"

Na ji yana juya carbi.

"Ya kira sunanki. Na yanka. Sau biyu. Da na ji haka na san ba tawa ba ce, na fita na ja ƙofa. Na tsaya a baranda na hana mutane shiga."

Tun da aka ɗaura mana aure Malam bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsa ne da ni. Ke yake cewa, ko uwar yara.

Na ce, "Ya daɗe yana magana?"

"Ya daɗe. Har na gaji da tsayuwa na zauna."

Ya ce in yafe masa. Na ce ba abin da ya yi mini, ni ce ban yi magana ba. Ya ce Allah ya jiƙan Malam, na ce amin. Ya tashi ya tafi, ni kuma na zauna a wurin har yara suka dawo suka tambaye ni wa ya kawo albasa.